Gishiri a Tukunyar Matan Maori

Duk mai riƙe da waya a watan Nuwamba na 2024 da wuya a ce bai ci karo da bidiyon nan ba. Wata budurwa ce a zauren majalisar dokokin Niyu Zilan ta miƙe tsaye, ta yaga takarda gida biyu, ta zare ido, ta ɗaga murya da wani irin kirari da ya sa 'yan uwanta suka taso suna buga ƙafa, har shugaban majalisa ya rasa ta cewa ya dakatar da zama. Sunanta Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, shekarunta 22 a lokacin, takardar da ta yaga kuma ƙudirin doka ne da ke neman sake fassara yarjejeniyar Waitangi, wadda kakanninta Maori, 'yan asalin ƙasar, suka ƙulla da Turawan Ingila a 1840. Mutanenmu sun yi ta yawo da bidiyon, wasu na dariya, wasu na cewa iskokai ne suka hau kanta. Ni kuwa wani abu daban ne ya tsaya mini a rai. Harshen da ta yi kirarin nan da shi, wato harshen Maori, shekaru 50 da suka wuce an riga an fara haƙa masa kabari. To wa ya mayar da shi bakin 'yar shekara 22?

Tsofaffin mata ne. A shekarun 1970 wani bincike ya nuna cewa waɗanda ke jin harshen Maori sosai ba su kai mutum ɗaya cikin biyar na al'ummar ba, su ɗin ma galibinsu masu furfura. Ruwa ba ya tsami banza. Tun 1867 aka kafa makarantun da ake koyar da 'ya'yan Maori da Turanci, aka yi ta dukan yara don sun yi magana da harshen uwarsu, sannan bayan yaƙin duniya na biyu jama'a suka kwararo birane neman aiki, inda iyaye suka ga cewa Turanci ne ke ba da tuwo. A watan Afrilu na 1982, a Wainuiomata kusa da Wellington, aka buɗe wurin renon yara na farko da suka kira kohanga reo, wato sheƙar harshe. Dabarar ba ta da wani ɗaurin kai: a kawo jarirai da 'yan yaye, a zaunar da su gaban kakanni mata, kada a yi musu magana da komai sai Maori daga safe har a tashi. A garejin mota aka yi, a falon gida aka yi, a zauren coci da zauren taron dangi aka yi. Cikin shekara guda sun kai wajen 100, zuwa 1994 kuwa sun kai kimanin 800 da yara kusan 14,000. Abin da gwamnati ta sa a farkon ɗan kuɗin soma aiki ne, sauran duk guminsu ne da abin da suka tara a tsakaninsu. Hana-Rawhiti daga wannan sheƙa ta fito. Haka ma sarauniyar Maori ta yanzu, Nga wai hono i te po, wadda aka naɗa a watan Satumba na 2024 tana da shekara 27.

Wannan ne ya sa idan na ji ana raina ƙananan tallafin da ake ba ƙungiyoyin matan Maori, ana cewa me dala dubu biyu ko dubu biyar za ta yi, sai in ga mai maganar bai san a ina kuɗin ke sauka ba. Ra'ayina shi ne irin wannan tallafi yana cikin kuɗin da suka fi kowane amfani a ƙasar, kuma dalilin bai wuce ɗaya ba: tukunyar ta riga ta tafasa kafin a kawo shi. Gishiri ne. Amma ina da ƙorafi a kan yadda ake ba da shi, da kuma sunan da ake kiransa da shi, kuma zan zo kansu.

Bari in faɗi irin kuɗin da ake magana a kai, don kada mai karatu ya ɗauka wata dukiya ce. Ma'aikatar raya al'ummar Maori, Te Puni Kokiri, ta shafe shekaru tana da wani shiri mai suna Mara Kai, wanda ya riƙa ba da abin da bai wuce dala 2,000 ba don a kafa lambun kayan abinci na gayya. Dalar ƙasar ce, wadda ba ta kai ta Amurka daraja ba, kuma adadin bai fi albashin mako biyu da 'yan kwanaki na mai karɓar mafi ƙarancin albashi ba. Akwai shirin gwamnati na tallafa wa ƙungiyoyin al'umma mai suna COGS da aka soma a 1986, wanda ya shafe shekaru yana raba dala miliyan 12.5 a shekara ta hannun kwamitoci 37 na 'yan sa-kai, mutanen yankin da kansu ke zama su duba wa za a ba. Akwai kuma asusun da matan suka kafa da kansu a 1987 ƙarƙashin jagorancin Georgina Kirby, wanda ke ba matan Maori rancen jari a lokacin da bankuna ke juya musu baya. Sai majalisun garuruwa da gidauniyoyi masu zaman kansu, kowa da ɗan abin da yake yafawa. Kuɗin mai ne, kuɗin iri da taki, kuɗin hayar zaure, kuɗin abincin da za a ci ranar taro.

Ga misalin da ya fi kama ni. Jariran Maori sun daɗe suna mutuwar fuju'a cikin barci fiye da sauran jariran ƙasar, ninki ba ninki. Likitoci sun gano cewa haɗarin yana tsananta ne idan uwa ta sha taba tana da ciki, sannan aka kwanta da jaririn a gado ɗaya. Sai hukumomin lafiya suka yi abin da hukumomi suka iya, suka buga takardu suna cewa a daina kwana da jariri. Ai kuwa kamar an shuka dusa. Uwar da ta tashi ta ga uwarta da kakarta suna kwana da jariri a gefensu, kamar dai yadda iyayenmu mata ke yi, ba takarda ce za ta raba ta da ɗanta cikin dare ba. Wajen 2005 zuwa 2006 wani likita Bamaori, David Tipene-Leach, ya zauna da mata masu saƙa a Gisborne, suka fito da wahakura. Kwando ne mai faɗin gindi da ake saƙawa da ganyen harakeke, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, a shimfiɗa 'yar katifa a ciki. Ana ɗora shi a kan gadon iyaye. Jariri na nan kusa da nono, uwa na jin numfashinsa, amma ba mai danne shi, bargo kuma ba ya rufe masa fuska.

Shi harakeke tsiro ne mai dogayen ganye kamar takubba, yana fitowa a jere kamar mafici, kuma yankansa na da ladabi. Ganyen tsakiya shi ne ɗa, biyun da ke rungume da shi su ne iyaye, waɗannan uku ba a taɓa su. Na waje, kakanni, su ake yanka, a karkace wuƙa zuwa ƙasa don kada ruwa ya kwanta a wurin yankan ya ruɓar da gindin. Ba a yanka cikin ruwan sama, ba a yanka da dare. A tsaga ganyen, a goga shi da bayan wuƙa ko ɓawon kifin ruwa har ya yi laushi, sannan a fara saƙa. A wurare da dama yanzu ana tara mata masu ciki su yi yini biyu ko fiye da haka da gwanayen saƙa, kowace ta saƙa kwandon ɗan da ke cikinta. To a nan asirin yake. Hannu na aiki, baki na hira. Maganar barin taba da ma'aikaciyar asibiti za ta yi a ji haushinta, tsohuwa na yin ta tana gyara wa yarinya bakin kwando, a saurara. Maganar shayarwa ta shigo, maganar mijin da ke dukan matarsa ma wani lokaci a nan take fitowa. Nawa aka kashe? Man mota zuwa inda za a yanko ganye, abinci, katifu, da ɗan abin hasafi ga mai koyarwa, wanda su suke kira koha. Binciken likitoci ya nuna mutuwar jarirai bayan makon farko na haihuwa ta ragu da kashi 29 cikin 100 tsakanin 2009 da 2015, raguwar kuma ta fi yawa a cikin jariran Maori, a daidai lokacin da wahakura da takwaransa na roba ke yaɗuwa. Sai a 2017, bayan shekaru goma ana jan ƙafa, gwamnati ta shigar da su cikin shirinta na ƙasa baki ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai da ya shekara goma yana nunawa da yatsa.

Wannan hali ba yau ya fara ba. Bayan annobar mura ta 1918, wadda ta yi wa Maori kisan da ya ninka na Turawa sau da yawa, wata mace daga gidan sarautar Maori, Te Puea Herangi, ta tattara marayu kusan 100 ta riƙe. A 1921 ta kwashe su zuwa Ngaruawahia, suka sare ƙaya, suka yi ƙwadago a gonakin Turawa, ta haɗa ƙungiyar masu waƙa da rawa suna zagaya gari-gari suna tara kuɗi, da haka aka gina Turangawaewae, wanda yau shi ne fadar sarautar Maori. A 1951 aka kafa ƙungiyar jin daɗin matan Maori ta ƙasa, Te Ropu Wahine Maori Toko i te Ora, Whina Cooper ce shugabarta ta farko. Aikin da suka fara da shi shi ne bin gida-gida a Auckland suna rubuta halin da 'yan uwansu ke zaune a ciki, mutum nawa a ɗaki, akwai ruwa ko babu. Abin da suka fito da shi ya kunyata hukuma har aka rushe wasu kangaye aka ƙara ba Maori gidajen gwamnati. Wannan Whina ɗin ce dai a 1975, tana da shekara 79, ta kama hannun jikarta ta jagoranci tattaki daga Te Hapua a can ƙuryar arewa har Wellington, tafiyar wata guda, kan cewa kada a ƙara karɓe musu ko eka ɗaya.

Me ya sa sai mata? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin yadda babban kuɗi ke tafiya. A wurin taron dangi da suke kira marae, mace ce ke fara ɗaga murya ta kira baƙi su shigo, amma a yawancin ƙabilu maza ne ke zama a gaba su yi jawabi. A baya kuwa, wajen murhu, akwai waɗanda ake kira ringawera, masu zafin hannu, waɗanda ke ciyar da ɗaruruwan mutane kwana uku idan an yi rasuwa. Su kansu Maori suna cewa sai baya ta yi kyau gaba ke yin kyau. Turawan mulkin mallaka da suka zo, gaba kawai suka gani. Mata aƙalla 13 ne aka tabbatar sun sa hannu a yarjejeniyar Waitangi cikin mutum fiye da 500, akwai ma inda wakilin Ingila ya hana wata 'yar sarauta sa hannu don kawai ita mace ce. Tun daga nan hukuma ta saba da neman namiji idan za ta yi magana da Maori. Babban kuɗi ta ƙofar gaba yake shiga, wurin shugabannin hukumomin ƙabila da lauyoyi da masu lissafi. Ƙaramin tallafi ne kaɗai ke zagayawa ta baya ya iske masu zafin hannu.

Gwamnatin da Christopher Luxon ya kafa a ƙarshen 2023 ta zo da wata magana da take maimaitawa: a duba buƙata, kada a duba ƙabila. Da wannan hujja aka rushe hukumar lafiya ta Maori, Te Aka Whai Ora, a 2024, ba ta ko cika shekara biyu da rabi ba. David Seymour, mai ƙudirin da Hana-Rawhiti ta yaga, shi ne ya fi kowa riƙe wannan magana, kuma abin mamaki shi kansa yana da jinin Maori. Ba na raina hujjar. Akwai matalautan Turawa, akwai 'yan tsibiran Pasifik, akwai baƙin haure, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda rabon ƙabila ke lalata ƙasa dole gabansa ya faɗi idan ya ji ana ware kuɗi da sunan wata al'umma. To amma a bi su a kan ma'auninsu. Maori ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar ba, ƙidayar 2023 ta ba su kashi 17.8 cikin 100. Macen Maori tana mutuwa kimanin shekara bakwai kafin sauran matan ƙasar. Fiye da kashi 60 cikin 100 na matan da ke kurkuku Maori ne. Idan buƙata ake bi, ai ga inda ta yi sansani. Sannan buƙata na da ƙofa, kuma ba kowa take buɗe wa ba. Fiye da rabin yaran da hukuma ta karɓe daga hannun iyayensu 'ya'yan Maori ne, kuma a 2019 duk ƙasar ta kalli bidiyon yadda jami'ai suka yi yunƙurin ɗauke jariri ɗan kwanaki daga hannun uwarsa a wani asibiti a Hastings. Matar da ta ga wannan, idan mijinta ya kumbura mata fuska, ofishin gwamnati za ta nufa? Za ta je wurin wadda ta sani ne. Haka aka yi a Hamilton a tsakiyar shekarun 1980, inda wasu mata suka buɗe Te Whakaruruhau, mafakar matan Maori ta farko, da kusan babu komai a hannunsu.

Masu cewa za a ci kuɗin ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. A 2012 an kama wasu 'yan daba a Dunedin sun karkatar da dala 20,000 na shirin tallafa wa iyali na Whanau Ora sun sayi tabar wiwi, 'yan siyasa kuma suka yi ta kaɗa ganga da labarin. Amma a 2015 babbar mai binciken kuɗin gwamnati ta duba shekaru huɗun farko na wannan shiri, ta tarar an kashe dala miliyan 137.6, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma a harkar gudanarwa ya tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A kwatanta dubu 20 da miliyan 40 da wani abu, a ga wanne ya kamata ya hana mutum barci.

Nan ne ƙorafina na farko yake, kuma na san shi a jikina. Shekarun baya wata ƙungiya ta zo garinmu da tallafi ga mata masu sana'a. Goggona ce uwar adashin matan unguwarsu, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, burinsu kuma injin markaɗe guda ɗaya. Ni aka kira in cika takardun, shafi goma sha wani abu, duk da Turanci. Ana son rajista, ana son asusun banki mai sa hannun mutum uku, ana son bayanin yadda za a auna nasara. Na karanta mata inda aka ce kowane kashe kuɗi sai da rasit, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, mai gyaɗa a kasuwar ƙauye rasit yake bayarwa?" Na ce, "Goggo, haka dai suka rubuta." Ta ce, "To su zo su saya da kansu." An kai su otal an yi musu bita ta kwana uku kan yadda ake rubuta rahoto, kuma na tabbata kuɗin otal ɗin da shinkafar da aka ci sun sayi injin biyu. Da na karanta koke-koken ƙananan ƙungiyoyi a Niyu Zilan sai na ga kamar Goggo ce ke magana. Nema ta intanet, ƙungiyar da ba ta da rajista an taƙaita abin da za ta iya samu ko ta nemi wata babba ta tsaya mata, tallafin na shekara guda, kafin a gama rahoton bana an buɗe neman na baɗi. Mai iya rubutu ke ci, mai iya aiki na kallo.

Kuma kada a ɗauka wannan ƙaramar matsala ce, domin ita ce ta kusa karya kohanga reo. A 1990 aka ɗauke kula da su daga ma'aikatar harkokin Maori aka miƙa wa ma'aikatar ilimi. Kuɗi sun ƙaru, wannan gaskiya ne. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Aka shigar da su cikin dokokin makarantun reno na gama-gari: ga irin ginin da ake so, ga faɗin fili, ga takardar shaidar da malama za ta mallaka. Tsohuwar da harshen ke bakinta tun daga nono, wadda saboda ita aka kafa abin tun farko, sai ta wayi gari ba ta cika sharaɗi ba, yarinyar da ta yi kwas ɗin shekara uku kuwa ta cika, ko da Maorin nata na tsintuwa ne. Garejin da aka fara a ciki ya zama laifi. Kuma saboda ma'aunin kuɗin ya fifita wuraren da ke da malamai masu takarda, kohanga suka koma karɓar ƙasa da takwarorinsu. Daga 800 suka gangaro ƙasa da 500. A 2011 amintattun shirin, cikinsu har da Iritana Tawhiwhirangi wadda ta yi rainonsa tun yana jariri, suka kai kuka gaban hukumar sauraron koke ta Waitangi, a 2012 kuma hukumar ta ce lallai gwamnati ta saɓa alkawari. Ba na cewa dokar ce kaɗai ta jawo raguwar, tsofaffin ma suna ta rasuwa, iyaye mata kuma sun shiga aikin albashi. Amma abin lura ne cewa shirin ya yi tsiro mafi sauri a lokacin da kuɗi suka fi ƙaranci kuma takarda ta fi sauƙi. Masu cewa a haɗe ƙananan tallafi a yi babban shiri guda mai tsari, su fara karanta wannan tarihi.

Sai dai kada in wuce gona da iri wajen yabon araha, don a nan ƙorafina na biyu yake. Me ya sa dala 2,000 ke yin aikin dala 20,000 a hannun waɗannan mata? Saboda ragowar 18,000 daga jikinsu ake cira. Lokacinsu ne, bayansu ne, motarsu ce, barcinsu ne. Yawancin irin wannan tallafi zai biya kuɗin iri da shebur, amma ba ya son jin maganar ladan wadda za ta yi watanni tana ban ruwa. Lokacin da guguwar Gabrielle ta afka wa gabashin tsibirin arewa a watan Fabrairu na 2023, marae ne suka buɗe ƙofa suka kwantar da jama'a suka ciyar da su, Maori da wanda ba Maori ba, tun kafin taimakon hukuma ya iso wasu wuraren. An yaba musu ƙwarai a jawabai. Yabo kuwa ba ya biyan kuɗin lantarki. Gwamnatin da ta gano cewa akwai matan da za su yi mata aikin jinya da reno da agaji a kan kuɗin mai, za ta ji daɗin ci gaba da ba da kuɗin man, har ta ɗauki hoto tana miƙawa. Ni a ganina duk tallafin da ya amince aikin na da amfani, to ya amince mai yin sa ma tana cin abinci. A sa ladanta a cikin lissafi, a ba da na shekara uku a tashi ɗaya, rahoto kuma ya zama abin da za a iya yi da baki idan wakili ya zo ya gani da idonsa.

Akwai kuma wani abu da ke damuna game da inda wasu kuɗin ke fitowa. Kaso mai yawa na tallafin al'umma a Niyu Zilan daga caca yake. Akwai ribar tikitin Lotto, akwai kuma injinan caca da ke mashaya, waɗanda doka ta wajabta a mayar da aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da suka tara ga ayyukan jama'a. Injinan nan sun fi yawa a unguwannin talakawa, Maori kuma na cikin waɗanda cacar ta fi yi wa illa. Ke nan ana iya tatsar uwa da daddare a gaban inji, da safe a ba ƙanwarta wani yanki na kuɗin ta buɗe wurin taimakon iyalan da bashi ya ci. Wasu ƙungiyoyin sun ƙi karɓar irin wannan kuɗi, kuma ina ganin girmansu. Waɗanda suka karɓa ma ba zan zarge su ba, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Abu na ƙarshe shi ne sunan. Ana kiransa tallafi, ana kiransa taimako, mai karɓa kuma ana sa ran ta yi godiya a rubuce. A 1840 kusan duk ƙasar ta Maori ce. Yau abin da ya rage a hannunsu a matsayin ƙasar gado bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin 100 ba. Wani an saya da wayo, wani kotun filaye da aka kafa a 1865 ta yanyanka shi har ya sulale, wani kuwa da bakin bindiga aka karɓa. A Waikato kaɗai, ƙasar su Te Puea, an ƙwace eka miliyan 1.2 bayan yaƙin 1863 zuwa 1864. Diyyar da aka biya a 1995 dala miliyan 170 ce, Sarauniya Elizabeth ta sa hannu a dokar neman afuwa da kanta, kuma ba wanda ya yi da'awar cewa kuɗin sun kusanci darajar abin da aka ɗauka. Wanda ya kwashe maka rumbu, in ya dawo yana auna maka tiya guda, karɓa za ka yi don yara na jin yunwa, amma ba za ka kira shi mai kyauta ba. Don haka idan ɗan siyasa ya tashi yana cewa ana fifita matan Maori da dala dubu biyu ta lambu, ni dariya ma yake ba ni.

Ƙofar babban hakki kuwa ga yadda take buɗewa. A 1993 aka cire sunan Mira Szaszy, tsohuwar shugabar ƙungiyar matan Maori, daga jerin waɗanda za a naɗa a hukumar da za ta kula da dukiyar kamun kifi da aka mayar wa Maori. Manyan mata suka fusata, suka shigar da koke gaban hukumar Waitangi cewa tun 1840 gwamnati ke tauye matsayin macen Maori. Mira Szaszy ta rasu a 2001. Hukumar ta fara zaman sauraron koken a 2021, shekara 28 bayan shigar da shi, lokacin jariran da aka fara kwantarwa a wahakura a Gisborne sun riga sun shiga sakandare.